Jiran sakamakon gwajin nono: kada fargaba ta hana ki komawa asibiti

Duk macen da aka yi wa hoton nono, wato mamogiram, aka ce an ga wani abu, sannan aka sa allura aka gutsuro ɗan nama don kaiwa ɗakin gwaji, ta san cewa ba allurar ce wahalar ba. Wahalar tana cikin kwanakin da ke biyo baya. Abinci ya daina daɗi, barci ya ƙaurace, tana tsakiyar salla ta rasa raka'a nawa ta yi, ta kalli 'ya'yanta sai ƙwalla. Mu ma'aikatan lafiya mun saba ganin haka, kuma ba raunin imani ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

'Yar'uwa, ki fara riƙe wannan: an gutsuri naman ne saboda hoto ba ya yanke hukunci. Inuwa kawai yake nunawa, ƙulli ko ɗigo-ɗigon fari, ba ya iya cewa wannan daji ne ko ba daji ba ne. Ƙulli a nono iri-iri ne. Akwai mai santsi da ke zamewa a ƙarƙashin yatsa, wanda likitoci ke kira fibroadenoma, ya fi fitowa 'yan mata da masu ƙuruciya. Akwai ƙullin ruwa, akwai kumburin da ke samun masu shayarwa. Duk waɗannan ba sankara ba ne. A Amurka, inda ake yawan yi wa mata hoton tun kafin su ji wani ciwo, kusan 4 cikin kowane 5 na irin wannan gwaji suna fitowa babu daji. Ban kawo lissafin don in ce miki naki lafiya lau ne ba, don babu mai iya faɗin haka sai an duba naman. Na kawo shi ne don ki san cewa turawa gwaji daban, samun cuta daban.

Idan kika duba takardar hotonki za ki ga an rubuta BI-RADS, wato ma'aunin da likitoci ke rarraba sakamakon hoton nono da shi, da lamba daga 0 zuwa 6. Yawancin waɗanda ake turawa gwaji lamba 4 ce, ita kuwa faɗi gare ta ƙwarai: 4A tana nufin yiwuwar daji ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, 4C kuma ta haura rabi. Lamba 5 zato ne mai ƙarfi. Ki tambayi likitanki wacce ce taki da abin da take nufi, ya fi miki ki kwana kina laluben waya. Intanet ba ta ga hotonki ba, labaran da suka fi yawo a Facebook da WhatsApp kuwa su ne mafiya muni.

Sai batun jinkiri, wanda shi ya fi cin ran mata. Da an wuce mako sai zuciya ta fara cewa ai sun ga mugun abu ne suke ɓoyewa. Ba haka aikin yake ba. Naman sai ya jiƙu a wani ruwan magani mai suna fomalin na awoyi, wani lokaci har kwana 3. Sannan a daskarar da shi cikin wani kaki na gwaji mai suna farafin, a yayyanka shi siriri fiye da fatar albasa, a rina shi, kafin likitan da ya ƙware a binciken tsoka ya duba shi da madubin ƙara girma. Wani lokacin sai ya nemi ƙarin rini ko ya nemi ra'ayin abokin aiki. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasashenmu, shi ya sa ƙananan asibitoci ke aika naman zuwa manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya ko Sakkwato, tafiyar ma kwanaki ce. Daɗewar sakamako ba ta nuna kyau ko muni. Kuma mako ɗaya ko biyu na jira ba ya sauya yadda magani zai yi aiki.

Abin da ke sauyawa shi ne watanni. A nan ne nake jin tsoro, don fargaba ta sha korar mata daga asibiti gaba ɗaya. Sakamako ya fito, ya kwanta a fayil, mai shi ba ta zo ba. Wata an ce mata tunda ƙarfe ya taɓa ciwon to zai yaɗu, wata an kai ta an yi mata sakiya, wata ana shafa mata ƙulle-ƙullen da ke cinye fata. Sai bayan wata shida ko shekara a dawo da ita da gyambo. Allurar gwaji ba ta yaɗa daji, 'yar'uwa, zaman gida ne ke ba shi lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021 kan sankarar nono, ta ce ya kamata a kammala duk bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Dajin da aka kama da wuri ana warkewa daga gare shi. Ki yi addu'a, ki sha rubutunki idan kina sha, amma kada a tsaga nonon, kada kuma ranar komawa ta wuce ki.

To yaya za a yi da kwanakin? Kafin ki bar asibiti ki nemi a faɗa miki rana takamaimai, da ofishin da za ki je, da lambar da za ki kira in ranar ta wuce shiru. Ki adana rasit da lambar gwajin. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri ki gaya musu, ba dangi kaf ba, don kowa zai zo miki da labarin wata da ta rasu. Ki ci gaba da harkokinki, girki, sana'a, islamiyya, ziyara, domin zaman ɗaki shi ke ciyar da tunani. Idan ƙirji ya ɗaure cikin dare, ki tashi zaune, ki ja numfashi a hankali ta hanci, ki sake shi a hankali fiye da yadda kika ja, har bugun zuciya ya lafa. Mai zikiri ta haɗa da zikirinta, mai zuwa coci ta haɗa da addu'arta. Kuma ki daina matsa wurin kowace awa don jin ko ya ƙaru, kumburin allura ne kawai za ki ji, ki ƙara tsorata kanki. In kuwa kin kai ga ba ci ba barci kwana da kwanaki, ko kina jin gara ki mutu, ki zo ki faɗa mana, akwai taimako. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki.

Maigida, naka aikin ba wa'azin haƙuri ba ne. Ka ba ta izini da kuɗin mota, ka raka ta, kada ka bari maganar ta zama abin gori a bakin kishiya ko dangi. Mata da yawa ba ciwon suke tsoro ba kamar yadda suke tsoron a juya musu baya in an ce za a yi aiki. Daji ba a ɗaukarsa ta zama tare, ko cin abinci, ko kwanciya.

Wurin allurar zai iya yin tsami da ɗan baƙi na 'yan kwanaki, farasitamol ya isa. Amma in kika ga jini ya ƙi tsayawa, ko ja da zafi suna ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ki koma asibiti a ranar. Mai shayarwa ta tambayi likita kafin ta yaye yaro, galibi ba a buƙatar hakan.

Ranar karɓar sakamako ki tafi da wadda za ta saurara tare da ke, don kunnen mai fargaba ba ya riƙe magana. In an ce babu daji, ki tambaya ko za a cire ƙullin ko a bar shi, da yaushe za ki sake hoto. In an ce akwai, ki tambayi irinsa, da gwajin da ya rage, da asibitin da za a tura ki, da kimanin kuɗin. Ki karɓi kwafin sakamakon a rubuce, kada ki fita sai an sa miki ranar ganin likita na gaba.