Tambayoyin da kuke yi mini kullum kan sayen mashin da hawansa a Bauchi

Gyaran mashin ne sana'ata a cikin garin Bauchi. Tambayoyin nan babu wadda ban amsa ba har bakina ya gaji, a gareji, a ƙofar masallaci, a waya da tsakar dare. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Wane mashin ne ya fi kyau?

Wanda kayan gyaransa suka cika kasuwa, kuma bakaniken unguwarku ya san cikinsa. In aikin lodi ne da hanyar ƙauye, buhun masara daga Ganjuwa ko shiga lungunan Dass da damina, nemi Bajaj Boxer ko TVS, duka ƙirar Indiya ne, suna jure wahala. In daga gida zuwa ofis ne, Yelwa zuwa Wunti, roba-roba irin Haojue ko Lifan ya ishe ka. Mai fara tambaya da "wanne ya fi gudu" kuwa ba na ba shi amsa.

Nawa ake sayar da sabo yanzu?

Farashinsa dala yake bi. Taka da ƙafarka ka tambayi shaguna uku a yini ɗaya. Kada ka zube duk abin da ke aljihunka a kan mashin ɗin, bar na lamba, na hular kwano, na kwaɗo mai ƙarfi, da na baƙin man juyen farko. A fasa kwali a gabanka, a haɗa a gabanka. Kafin ka bar shagon, karanta lambar inji da ta shasi, wato ƙarfen gangar jikin mashin, da idonka, ka gwada da abin da aka rubuta a rasit. Ko harafi ɗaya ne ya saɓa, a gyara nan take.

Yaushe zan juye baƙin mai?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ku fara yi, amma sai inji ya buga kuke tunawa da ita. Sabon inji yana goge kansa a kwanakin farko, garin ƙarfe yana sauka cikin mai, saboda haka juyen farko kada ya wuce kilomita 500, kuma a wannan tsakanin ba gudu, ba lodi. Bayan nan ka bi littafin da ya zo da mashin ɗin, wanda yawancinku kuke zubarwa tare da kwali. Masu acaba da suka san ciwon kayansu ba sa wuce mako ɗaya zuwa biyu.

Injin nan kusan lita ɗaya yake ɗauka. Amma sai a turo mini mashin, in kwance noti, abin da zai zubo bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta. Mai shi yana tsaye yana rantsuwa sammu aka yi masa. Malam, babu wanda ya yi maka sammu, kai ka hana shi mai. Yanzu sai an sauya kayan cikin inji, ga ringi, ga fistin, wataƙila har bulo, kuɗin da zai saya maka baƙin mai na shekara. Man awo na bakin titi wanda ba ka ga gwangwaninsa a rufe ba, ka rabu da shi. Da hunturu kuma ka riƙa sa a wanke maka iyakilina, wato matatar iskar inji, ƙurar garin nan ba ta wasa.

Dole ne sai na sa hular kwano? Akwai zafi.

Dole ne. Na san zafin Maris da Afrilu, a cikinsa nake aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa hular tun 1 ga Janairu 2009, kuma tun lokacin muke kauce-kauce, har da masu kifa ƙwarya a ka don a bar su su wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, mummunan rauni a ka kuma da kusan kashi 70. Karyewar ƙafa ana ɗorawa. Kai in ya daki kwalta, sai dai addu'a a ƙofar asibitin koyarwa. Ka ɗaure igiyarta a haɓa, don wadda ba a ɗaure ba kafin ka kai ƙasa ta tashi. Hular 'yan gini ba ita ba ce. Masu ce mini tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah.

An kawo mini na hannu da araha, mai shi ya ce rasit ya ɓata. In saya?

A nan ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba. Rashin rasit ba kullum yake nufin sata ba, amma kuma mashin ɗin sata da wannan maganar ake shigo da shi kasuwa.

Akwai masu gaskiya da yawa. Mutumin ƙauye ya saya tun shekarun baya, ya sa rasit a ƙarƙashin katifa, gara ta cinye ko ruwa ya jiƙa. Akwai mashin ɗin gado, marigayi ne kaɗai ya san inda takarda take. Akwai na rabon 'yan siyasa, an miƙa makulli a filin taro, ba a miƙa takarda ba. A ɗaya gefen akwai na ƙwace da na sata. Akwai kuma wani da mutane ke mantawa da shi: yaro ya karɓi mashin a kan biya kaɗan-kaɗan, takardun asali suna hannun mai kuɗin, bai gama biya ba ya sa shi a kasuwa. Wannan ba a kan titi aka ƙwace shi ba, amma ranar da mai takarda ya gan shi a hannunka, ba ka da ta cewa.

To yaya za ka bambance? Ba ka da tabbas ɗari bisa ɗari, sai dai ka rage haɗari. Fara da mutumin kafin mashin ɗin. Ka san gidansa? Ba majalisarsa ba, ba tasha ba, gidan da iyalinsa suke. In dillali ne ya kawo, ka ce sai ka ga mai shi ido da ido. Dillali la'adarsa yake nema, ranar rigima wayarsa a kashe za ka same ta.

Sai ka durƙusa ka duba lambobi. Goge lambar inji da tsumma da ɗan fetur, haska da fitilar waya, shafa da yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. In ka ji wurin ya yi santsi ko ya lotsa, ko wani harafi ya karkace, ko an yi sabon fenti a wuyan mashin ɗin kaɗai, tashi ka kakkaɓe wandonka ka tafi. A nan babu wani "ya danganta".

In lambobi lafiya, tambaye shi shagon da ya saya. Shaguna da dama suna ajiye kwafin rasit a littafinsu, in ya tuna shagon da shekarar, ku je tare. Wani lokaci a dace, wani lokaci shagon ya rufe ko littafin ya salwanta, wannan ba laifinsa ba ne. In mashin ɗin yana da lamba, akwai rajista a ofishin lasisin ababen hawa, a duba sunan wa ke ciki. In duk wannan ya faskara, shi mai sayarwa, da sunansa, ya je ya yi rahoton ɓatan takarda wurin 'yan sanda, ya yi takardar rantsuwa a kotu. Amma ka fahimta, takardar rantsuwa maganarsa ce kawai aka buga wa hatimi. Ba ta tabbatar da cewa nasa ne, amfaninta ta ɗaure shi, ta kuma nuna kai ba a ɓoye ka saya ba. Wanda ya ji an ambaci caji ofis ya fara cewa sauri yake, akwai wani mai saye yana jira, ya riga ya ba ka amsa.

Bayan nan a rubuta yarjejeniya: sunansa, hotonsa, kwafin katin ɗan ƙasa ko na zaɓe, lambar inji, lambar shasi, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu daga kowane ɓangare, in da hali a gaban mai unguwarsu. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunansa. In na gado ne, ka ji daga bakin sauran magada, kada ka saya daga ɗa guda a bayan idon 'yan'uwansa.

Duk da haka, in mai asalin rasit ya bayyana, mashin zai koma hannunsa, kai kuma ka shiga neman wanda ya sayar maka. Kuma kafin a gane gaskiyarka, kai za a fara riƙewa, don a hannunka aka gan shi. Shi ya sa nake cewa ka dubi farashin da kyau. Ragi kaɗan saboda rashin takarda abu ne da aka saba. Rabin kuɗin kasuwa kuwa, babu mai yi maka wannan alheri haka kawai. Kada wannan ya tsorata ka da na hannu gaba ɗaya, mashina masu albarka da yawa a garin nan na hannu ne. Amma da ƙanena ne ya tambaye ni, cewa zan yi ya ƙara haƙuri, ya tara cikon, ya sayi mai takarda.

To lafiyar injin na hannu fa?

Je da sassafe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar. Hayaƙi mai shuɗi a salansa yana nufin yana shan baƙin mai. Duba walda a jikin shasi. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba.

Zan iya ɗaukar maiɗakina da yara uku?

Mashin na mutum biyu ne. Na san halin da ake ciki, na san kuɗin Keke Napep na mutum biyar zuwa da dawowa ba ƙarami ba ne, amma yaron da ke kan tanki shi ne farkon wanda zai tashi in ka taka birki. Yi sawu-sawu.

Hajiya, ke kuma, don Allah ki tattara hijabinki da bakin zaninki ki riƙe a cinya kafin a tashi. Na sha yanke mayafi daga cikin sarƙa da tayar baya, ya nannaɗe har sai an sa reza. Mai mayafin ba ta nan lokacin, tana asibiti. Masu babbar riga ranar Juma'a, har da ku. Sauka kuma ta hagu, salansa a dama take, tana ƙona ƙafar yara.

Ɗana yana aji uku a ƙaramar sakandare, yana so in saya masa.

A'a, Alhaji. Lasisi daga shekara 18 ne. Saya masa keke. Yaran da kuke gani suna sakin hannu da ɗaga tayar gaba ranar kai amarya, kowannensu wani babba ne ya ba shi makulli.

Acaba tana da riba har yanzu?

Ba kamar da ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000 a wurare da dama. Fasinja kuma bai ƙara arziki ba. In mashin ɗin naka ne, za ka ci abinci. In na wani ne kana kai balas kullum, zauna da biro ka cire mai, balas, kuɗin ƙungiya, baƙin mai, faci, da ranar da ba ka da lafiya, sannan ka ga abin da ya rage. Ka kuma tuna sana'a ce da gwamnati ke iya tsayarwa dare ɗaya: Kano ta hana a Janairun 2013, nan Bauchi ma an hana a 2020 lokacin korona. Kada ka ci bashin da acaba kaɗai za ta biya. Kada ka ɗauki mutum biyu da ba ka sani ba zuwa bayan gari bayan isha'i, komai kuɗin da suka yi maka tayi.

Me ya sa kake faɗa in an cire madubi?

Don wanda ya cire shi sai ya waiwaya, kuma yana waiwayen ne yake afka wa na gabansa. Mayar da shi. Gyara fitilar baya da sigina, kuɗinsu bai kai na kwano ɗaya na shinkafa ba. Waya kuma a aljihu.

Zan iya zuwa Gombe da shi?

Za ka iya, kusan kilomita 150 ne ta Alkaleri. Duba baƙin mai, iskar taya, birki da sarƙa tun ana gobe tafiyar. Cika tanki a gidan mai, kada ka dogara da 'yan bumburutu a hanya. Fita bayan gari ya waye, tsaya a Alkaleri inji ya huce, kai ma ka sha ruwa. Tirela ko tanka in ta taho, sauka gefe ka ba ta hanya, iskarta kaɗai tana iya kayar da kai. In la'asar ta yi maka a Gombe ba ka gama ba, kwana can.