Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsofaffin Hotunan Manoma da Makiyayan Yammacin Amurka

Waɗanne hotuna ake nufi, kuma wa ya ɗauke su?

Galibin waɗanda ke yawo a intanet, inda za ka ga iyali sun jeru a gaban wani ɗaki mai kama da tudun ƙasa, aikin wani mutum ne mai suna Solomon Butcher a jihar Nebraska. Shi ma noma ya je yi, bai jure ba, ya mayar wa gwamnati filinsa. A 1886 ya ɗora kayan hotonsa a keken doki ya riƙa bin gonakin gundumar Custer gida-gida. Sau da yawa ladansa abinci ne da wurin kwana. Ya bar hotuna sama da 3,000 a kan faifan gilashi, yanzu suna hannun hukumar adana tarihin jihar. Can arewa a Montana kuma akwai Evelyn Cameron, 'yar Ingila, wadda ta ɗauki makiyayan shanu da na tumaki, da mata a kan dawaki suna aikin garke.

Me ya kai mutane wannan fili mai nisa?

Ƙasa ce ta kai su. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba kowane magidanci eka 160, wajen hekta 65, in zai zauna a wurin shekara 5 ya gina gida ya noma. Mace marar aure ma tana da wannan haƙƙi, shi ya sa hoton 'yan matan gidan Chrisman su huɗu ya yi suna, wasunsu sun nemi nasu filin.

Me ya sa gidajen suke kama da tudu?

Babu itace a yankin, babu dutse, katako kuwa sai an sayo shi da tsada daga inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Abin da ke akwai shi ne ciyawa mai saiwa a sarƙe. Sai a sa garma a yanko fatar ƙasa da saiwarta, a datsa ta tubali-tubali, a jera ciyawar tana kallon ƙasa. Bangon yakan yi kauri sosai, ga ɗumi lokacin sanyi, ga sanyi lokacin zafi. Wahalar tana rufin. Bayan ruwa ya ɗauke a waje, ɗakin kan ci gaba da yoyo na kwanaki, ƙasa na zubowa cikin tukunya, ɓera da maciji kuma suna samun mafaka, har sai an shimfiɗa ƙyalle a sama ya tare su. Makamashin girki kuwa busasshen kashin shanu ne.

Don me suke fito da tebur, kujeru, dawaki da shanu waje?

Cikin ɗakin duhu ne, kyamarar lokacin kuma sai da hasken rana. Amma babban dalilin shi ne hoton saƙo ne zuwa ga dangin da aka baro a gabas ko a Turai. Kowa so yake a ga bai yi ƙaurar banza ba. Saboda haka duk abin da aka mallaka sai an nuna: keken ɗinki, kankana a yanke a kan tebur, alfadarai da kayan aikinsu. Iyalin David Hilton sun jawo ƙatuwar kayan kiɗansu ta coci zuwa fili suka tsaya kewaye da ita, dabbobi a bayansu, ba a ga gidan ba sam, domin uwargida ba ta so a ga ɗakin ƙasar da suke ciki. A ganina wannan hoton ya fi sauran faɗin gaskiya game da mutanen, ko da yake ya ɓoye gidan.

Rashin murmushin kuma ba lallai baƙin ciki ba ne. Sai an tsaya cik kafin hoto ya fito, kuma a al'adar lokacin hoto abu ne na natsuwa.

To, za a iya amincewa da duk abin da ke cikinsu?

A'a. Butcher kan yi zane a kan faifan, ya ƙara tsuntsaye ko bishiya. Shahararren hotonsa na mutane da fuska a rufe suna yanke wayar shingen wani babban wurin kiwo shiri ne, almakashin ma na katako ne. Rikicin dai ya faru da gaske. Tun da Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874, manyan masu shanu suka killace har filayen gwamnati, manoma ma suka killace nasu, hanyoyin kora garke suka toshe. Wanda ya san abin da toshe burtali ke haifarwa a Arewa ba ya buƙatar dogon bayani. Sanyin hunturun 1886 zuwa 1887 ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa, daga nan kiwon sake ya fara ja da baya.

Su wa ba a gani a hotunan?

Baƙar fata suna nan, sai dai ba su da yawa a hoto. Butcher ya ɗauki iyalin Jerry Shores, wanda aka haifa cikin bauta, a gaban nasu gidan. Cikin masu kora shanu daga Texas zuwa tashar jirgin Abilene a Kansas akwai baƙar fata da 'yan Meziko da dama, kuma daga wajen makiyayan Meziko aka koyi yawancin sana'ar.

Waɗanda suka ɓace kusan gaba ɗaya su ne masu ƙasar na asali. Filin da ya fito fayau a bayan iyalan nan wurin farautar ƙabilun Pawnee da Lakota ne. An kwashe Pawnee daga Nebraska zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma a tsakiyar shekarun 1870, kimanin shekara 10 kafin Butcher ya fara yawonsa. Ɓaunan yankin kuma, da a da ake lissafa su da miliyoyi, zuwa ƙarshen shekarun 1880 'yan ɗaruruwa suka rage a daji.