Me ake nufi da sauraro mai amsawa a darasin kiɗa?

Sauraro mai amsawa hanya ce ta koya wa yara jin kiɗan okestra, wato babbar ƙungiyar makaɗa da kan kai mutum tamanin ko fiye, masu kayan tsirkiya da na busa da na bugu, duk a ƙarƙashin jagora ɗaya. Ba a zaunar da yaro ya yi tsit har a gama. Ana kunna masa ɗan guntu ne, na minti biyu ko uku, sai ya mayar da abin da ya ji ta hanyar zane, ko taku da juyi, ko ƙagaggen labari, ko ɗan kiɗan kansa da tafi da murya.

Tunanin ba sabo ba ne. A farkon ƙarni na 20, Émile Jaques-Dalcroze, malamin kiɗa a birnin Janiba, ya lura ɗalibansa suna karanta kiɗa a takarda amma bai ratsa jikinsu ba, sai ya sa su tafiya da motsi bisa bugun kiɗan. A 2014 kuma BBC ta fito da shirin Ten Pieces ga makarantun firamare na Birtaniya: kaɗe-kaɗe goma da yara za su saurara, su amsa da nasu aikin.

Malamai da yawa kan fara da tatsuniyar kiɗa ta yaro Peter da kyarkeci, wadda Sergei Prokofiev ya tsara wa yara a Mosko a 1936. Kowane ɗan wasa da nasa abin kiɗa. Tsuntsu sarewa ce, kyarkeci ƙahonnin tagulla uku, Peter kayan tsirkiya, harbin maharba kuwa ganguna. Yaro na gane cewa kyarkeci ya iso tun mai labari bai buɗe baki ba, kuma wannan ganewar ita ce kunnen da ake so ya samu.

Inda na fi damuwa shi ne malamin da ke riga yara faɗin ma'anar kiɗa. Da zarar ya ce wannan kiɗan baƙin ciki ne, aji duka zai zana hawaye, ko da wani yaron ruwan sama ya ji. Gara a yi tambayar da ke mayar da su ga sautin: a ina ya yi sauri? Me ya shigo bayan sarewa?

Amma fa ba kowane zane ake tafa wa a wuce ba. Idan yarinya ta ja jan layi mai kaifi, sai malami ya ce, "Nuna mana wurin da kika ji wannan." A sake kunna guntun, ta ɗaga hannu daidai wurin, sauran kuma su kasa kunne ko su ma sun ji shi.