Waiwaye: Yadda aka faro taƙaddamar 'yancin magana da dokokin hana ƙiyayyar launin fata

A 1946 kotun Nuremberg, wadda ta yi wa jagororin 'yan Nazi shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta yanke wa Julius Streicher hukuncin rataya. Babban laifinsa jaridarsa ce, Der Stürmer, wadda ta shafe fiye da shekara 20 tana ingiza Jamusawa su tsani Yahudawa. Tun daga nan masana shari'a suke kai-kawo kan inda magana ke tashi daga ra'ayi ta zama laifi.

Da aka zauna tsara dokokin kare haƙƙin ɗan Adam a Majalisar Ɗinkin Duniya, kai ya rabu. Tarayyar Sobiyet ta matsa a haramta farfagandar ƙiyayya, Amurka da Birtaniya suka yi turjiya, suna tsoron gwamnatocin kama-karya su fake da dokar su toshe bakin 'yan adawa. In aka dubi wanda ya kawo shawarar, tsoron nasu ba na banza ba ne. To amma a ƙarshen 1959 aka wayi gari an zana tambarin 'yan Nazi a wurin ibadar Yahudawa a birnin Kolon na Jamus, abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wannan na cikin abin da ya haifar da yarjejeniyar yaƙi da wariyar launin fata ta 1965, wadda sashenta na 4 ya buƙaci ƙasashe su hukunta masu yaɗa ƙiyayya. Yarjejeniyar haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 kuwa ta haɗa biyun wuri guda: sashe na 19 ya ba da 'yancin magana, na 20 ya hana zuga.

Kowa sai ya kama gabansa. A shari'ar Brandenburg ta 1969, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi wa wani jagoran Ku Klux Klan, ƙungiyar masu fifita farar fata, ta ce ba a hukunta magana sai in an yi ta don tayar da rikici nan take, kuma tana iya tayar da shi. Jamus, da ta ga ƙarshen abin da idonta, ta tsaurara dokarta a 1960, a 1994 ta mayar da ƙaryata kisan ƙare dangin Yahudawa laifin da kan kai ɗaurin shekara 5.

Abin da ya faru a Birtaniya ya fi ɗaure kai. Ta yi dokar 1965 domin kare baƙi da tsiraru, kuma a 1967 ta ɗaure ɗan aƙidar Nazi Colin Jordan wata 18. A shekarar dai ta ɗaure Michael X, baƙar fata mai fafutuka, shekara guda kan kalaman da ya yi a kan Turawa. Wuƙar da aka wasa domin kare mutum ita ta yanke shi. Masu adawa da irin wannan doka har gobe suna kafa hujja da shi.

Su ma masu goyon baya ba su rasa tasu ba: a Ruwanda, gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin kisan ƙare dangi na 1994 da lokacinsa, kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha a Tanzaniya kuma ta ɗaure jagororinsa a 2003.

Intanet ta sauya mai yanke hukuncin. Dokar Jamus ta 2017 ta ba kamfanoni irin su Facebook awa 24 su goge saƙon da ya saɓa doka ƙarara, da barazanar tarar da ta kai Yuro miliyan 50. Kamfanin da ke gudun tara kuwa, in ya yi shakka, gogewa ya fi masa sauƙi.