Da'irar gano lalacewar sensa

Da'irar gano lalacewar sensa haɗin lantarki ne da ake sanyawa tsakanin sensa (na'urar da ke auna abu kamar zafi ta aika da saƙon lantarki) da na'urar da ke karɓar saƙonta, domin a rarrabe awo na gaskiya da awon da ya fito daga tsinkewar waya, ko haɗuwar wayoyi, ko mutuwar sensar kanta. Ana samun ta a motoci, manyan janareto, injinan masana'anta da na'urorin gargaɗin gobara.

Tushen dabarar shi ne a hana lafiyayyiyar sensa kaiwa bakin iyaka. Yawancin sensocin mota masu aiki da bolt 5 suna ba da saƙo ne tsakanin bolt 0.5 da 4.5. In ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, ta ga sifili ko cikakken 5, to akwai matsala a layin. Ana sa rezista guda, wato ƙaramin abin da ke rage gudun wuta, da ke jan wutar layin sama ko ƙasa, ta yadda da zarar waya ta tsinke, awon zai faɗa wajen iyaka maimakon ya riƙa yawo. Guntun lantarki irin LM393, mai ma'aunan kwatanta wuta biyu a cikinsa, yakan tsare iyakar sama da ta ƙasa, amma a na'urorin yanzu manhaja ce ke yawan yin wannan hukunci.

A masana'antu ana amfani da tsarin miliam 4 zuwa 20, inda yawan wutar da ke gudana a waya ke ɗauke da saƙon. Mafi ƙarancin awo shi ne 4, saboda haka sifili ba awo ba ne, alama ce ta matsala kamar yankewar layi ko ɗaukewar wuta. Ƙa'idar NAMUR NE 43 ta Jamus ta ware miliam 3.6 zuwa ƙasa, da 21 zuwa sama, a matsayin alamar lalacewa. A na'urar gobara kuwa, rezistar da ke ƙarshen layi ce ke shaida cewa wayar tana nan lafiya.

A Legas aikin wannan da'ira ya fi bayyana a garejin masu wayarin mota, ciki har da Hausawan Agege da Idi-Araba. Danshi, iskar teku mai gishiri da ambaliyar damina suna cin bakin soket. Tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke bayyana matsalarta ta hanyar lambobi, wanda aka wajabta a Amurka tun 1996, yana cikin akasarin motocin tokunbo. Lambar P0118 tana nuna wutar layin sensar zafin ruwan inji ta yi sama, galibi saboda tsinkewa, har na'urar bincike ta nuna digiri 40 ƙasa da sifili a tsakiyar zafin Mushin. P0117 kuma takan fito in wayar ta taɓa bodi. Abin takaici, da yawa suna ganin lambar sai su nufi kasuwar Ladipo sayen sabuwar sensa, alhali lambar tana zargin layin ne gaba ɗaya. Gwada soket da mita kafin a canja komai ya fi sauƙi ga aljihun mai mota.

Da'irar tana da rauni babba. Sensar da ta tsufa tana ba da awon ƙarya a cikin iyakar da aka yarda da ita takan wuce ba a kama ta ba. Shi ya sa a wuraren da rai ke cikin haɗari, kamar totur na lantarki, ake sa sensa biyu masu saƙo daban-daban; in suka saɓa, ƙwaƙwalwar motar takan rage ƙarfin inji har a kai ta gyara.