Uwa da ƙananan yara a karkarar Kano da Jigawa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ƙaramin asibiti ranar awo ko ranar rigakafi, a ƙauyukan Gaya ko Ringim ko Kafin Hausa, ya san cewa tambayoyin iyaye mata ba su cika sauyawa ba, ko da fuskokin masu yinsu sun sauya. Ga wasu daga cikinsu, har da waɗanda ya kamata a ce daga bakin maza suke fitowa.

Yaya ranar uwa mai ƙananan yara take tafiya a gidan ƙauye?

Tana farawa tun kafin ladan ya gama kiran sallar asuba, domin jariri ne agogon mai goyo. Bayan salla sai hura wuta da kara, a ɗumama tuwon jiya, a dama koko, a wanke wanda ya ɓata shimfiɗa, a share tsakar gida, sannan a shiga surfe da bakace domin hatsin da za a kai inji ya fita da wuri. Idan damina ce akwai abincin gona, wanda dole ya isa hannun maigida da 'yan ƙwadago kafin rana ta take, idan kuwa kaka ce ga sussuka da sheƙa da ɓarar gyaɗa. A tsakanin waɗannan ne take yin sana'arta, ko tuyar ƙosai, ko matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko ɗinkin hula, kuma daga nan ake zubin adashi, ake sayen sabulu, ake tara kayan ɗakin 'ya mace tun tana rarrafe. A gidajen da ake kulle, yara ne ƙafafun uwa, su ne aike, su ne niƙa, su ne ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa, kuma yarinya 'yar shekara 7 takan wuni da ƙaninta a baya.

Abin lura a wannan jeri shi ne ciyar da ɗan shekara 1 ba shi da lokaci nasa na kansa, ana cusa shi ne duk inda aka sami sarari. A ganina yawancin matsalolin da za su biyo baya daga nan suke tasowa, kuma kiransu sakaci rashin adalci ne ga mai aikin.

Da gaske ne jariri ba ya bukatar ruwa kafin wata 6, ko da a zafin bazara?

Da gaske ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ba jariri nono zalla har wata 6. Cikin jariri ƙarami ne, idan ruwa ya cika shi ba zai tsotsa sosai ba, idan tsotso ya ragu nonon uwa ma sai ya ragu, ga kuma ruwan randa da moɗar da kowa yake sha da ita suna iya kawo masa gudawa. Alamar cewa nono yana isar sa ita ce yana fitsari sau 6 ko fiye a yini, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a awo. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya da wasu suke matsewa su zubar, shi ne kariyar jariri ta farko, kuma an fi so a sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa.

Wahalar ba a fahimtar uwa take ba. Tana cikin kakar da za ta leƙo ɗaki da rana tsaka ta ce za a kashe mata miji da ƙishirwa, ita kuwa uwar jaririn, musamman mai ɗan fari da kunya ta ɗaure wa baki, ba za ta iya musa mata ba. Saboda haka bayanin ruwa da nono ya fi amfani idan an yi shi kakar tana zaune a wurin.

Wankan jego yana da illa?

Kwana 40 na jego sun ƙunshi alheri mai yawa, domin a nan ne kaɗai mace take samun hutu da abinci na musamman da wadda za ta kula da ita, kuma duk wanda ya ce a watsar da al'adar ɗungurungum bai san abin da take tsare wa ba. Inda ake jin tsoro shi ne tafasasshen ruwan da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya, da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da zafin da kuma gishirin kanwa. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma kanwa mai yawa tana da haɗari ga mai hawan jini. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, take kasa kwanciya sai a jingine, asibiti take bukata a ranar. A sirka ruwan, a rage kanwar, a bar hutun da naman da sauran gatan.

Haka cibiyar jariri, man da ake bayarwa a asibiti ya fi gashi da tsumma ko shafa man goge baki. Aski ranar suna ba laifi idan askar sabuwa ce, amma cire belu yana iya jawo zubar jini da shigar cuta.

Yaro yana cin tuwo tare da kowa, me ya sa yake ramewa?

A tsaya a kalli yadda ake cin. An ajiye kwano ɗaya na tuwon dawa da miyar kuka a tabarma, yara 4 sun kewaye shi, ƙaraminsu ɗan wata 14 ne. Kafin ya gutsuro loma ɗaya ya juya ta a hannu, rabi ya faɗi ƙasa, ya kai saura baki, yayyensa sun kai gindin kwano suna suɗe miya. Idan aka tambayi uwa da dare za ta ce ya ci tuwo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Da safe an ba shi koko tsinkakke wanda yake cika ciki, ya fita a fitsari.

Yaro daga wata 6 zuwa shekara 2 yana bukatar kwanonsa shi kaɗai da babban da zai zauna da shi har ya gama. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 zuwa 3 a yini bayan nono, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun ya yi kaurin da ba zai zube daga cokali ba, a sa masa niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken suya ko cokalin manja, a miya kuma a sa zogale ko kabewa ko garin busasshen kifi. Ƙwai yana cikin mafi kyawun abin da za a ba shi, amma har yanzu akwai gidajen da ake cewa yana sa yaro sata, alhali kajin gidan suna ta yi ana kai wa mai shayi. Ƙasar da take cika kasuwar Dawanau da ta Maigatari da wake da gyaɗa da riɗi ba ta rasa abin gina jikin yaro ba, sai dai shawarar abin da za a sayar da abin da za a bari a rumbu ba a ɗakin uwa ake yanke ta ba.

Tamowa ta fi yawa a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, aikin uwa kuma ya ninka. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani ɗan zare mai launi 3, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, tamowar ta yi tsanani. Abincin gyaɗa da madara na cikin leda da ake bayarwa a wannan hali magani ne da aka ƙidaya daidai da nauyin yaron, raba shi da yayye ko kai shi kasuwa yana mayar da jinya baya.

Haƙori ne yake kawo gudawa da zazzaɓi?

Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo gudawa mai tsanani ko zazzaɓi mai zafi. Abin da yake haɗa su shi ne lokaci, domin a watannin da haƙori yake fitowa ne yaro yake rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki suke yawo, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Kalmar haƙori ta sa an jinkirta da yara da yawa a gida. Maganin haƙori na kemis ma ba abin sakin jiki ba ne, a ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙori ya kashe yara sama da 80 a Najeriya.

Idan gudawa ta fara, a narkar da leda 1 ta garin gishiri da sukari a lita 1 ta ruwa mai tsabta, daidai da ruwan leda 2, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowace fita, a haɗa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a tsayar da nono. Faɗawar maɗiga da zurmawar ido alamar ƙarewar ruwan jiki ce, shafa magani a ka ba ya ɗago ta.

Sau nawa ake kai yaro rigakafi?

Da haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Suna kare shi daga tarin fuka, shan inna, ciwon hanta, mashaƙo, tarin shiƙa, limoniya, ƙyanda, shawara da sanƙarau. Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida da shi ba ya maye gurbin allurai, zaton cewa ɗigon ya wadatar kuskure ne da ya yaɗu. Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, ta dawo da shi a 2004, sai a Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar, kuma annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta fi kama yaran da ba a kammala wa allurai ba. Wanda ya tsallake wata allura ba sai ya faro daga farko ba, a kai shi da katinsa a ɗora daga inda aka tsaya.

Da damina kuma ana raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya kowane wata. Na rana ta farko a gaban ma'aikaci ake sha, na kwana 2 da suka rage a hannun uwa yake, kuma su ne aka fi mantawa a saman kwabet.

Idan ciki ya shiga ana goyo, dole ne a yaye yaro nan take?

Ba dole ba ne. Kwanika ba ta mayar da nono guba, kuma mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa idan tana cin abinci isasshe, sai idan likita ya hana saboda wani dalili. Abin da yake kayar da yaron shi ne yaye na rana ɗaya, a shafa maɗaci a nono, a ɗauke shi zuwa gidan kaka a wani ƙauye, ya rasa nono da uwa a lokaci guda kafin ya saba da abinci. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa, masana lafiya kuma suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki. Ayar nan dai ita ce ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban yaro.

Wa yake yanke shawarar kai yaro asibiti?

Wannan ita ce tambayar da sauran duka suke komawa gare ta. Uwa ce take fara ganin alama, ita take jin zafin jikin yaro a bayanta tun kafin kowa ya sani, amma izinin fita da kuɗin mashin da na magani suna hannun wani. Maigida yana kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ya tafi cin rani Legas tun bayan kaka, wayarsa ba caji. Sai ta je ƙofar ɗakin uwar miji ta durƙusa ta ce, "Inna, jikin yaron nan tun jiya bai sauka ba, ko a kai shi asibiti?" A amsa mata da cewa haƙori ne, kowane yaro yana yi, a bari Malam ya dawo. A aika kemis a sayo na zazzaɓi, a jiƙa saiwa, a kwana, a sake kwana.

Akwai alamun da ba sa jiran dawowar kowa: yaro ya kasa tsotso ko shan ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi har a kasa tayar da shi, ko haƙarƙarinsa ya riƙa lotsawa idan yana numfashi. Jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, zazzaɓi kowane iri ne ko sanyin jiki ya isa dalili. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma kulle bai taɓa nufin a zauna da yaro yana jijjiga ba.

Gidajen da suka warware wannan sun yi shi ne tun kafin ciwo ya zo. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin alamun nan a tafi ba sai an neme shi ba, ya bar kuɗin zuwa da dawowa da na magani a hannun matar, ba a aljihun wani ba, ya kuma yi magana da mai mashin na unguwa wanda zai tashi ko da tsakar dare ne, musamman da damina lokacin da hanya take yankewa a ƙauyukan bakin kogin Haɗeja. Katin rigakafi da kuɗin da lambar mai mashin a ƙulle su a leda ɗaya, a sa a ƙasan adaka inda ruwa ba ya kai wa, kuma kishiya ko matar wa ta san inda suke, domin wata rana uwar ce da kanta za a ɗauka.