Kwashe tarkacen da manhaja ta bari a baya: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa kwamfuta ke tara ƙunshin da babu mai amfani da shi?

Manhaja ba ta zuwa ita kaɗai. Idan ka girka guda ɗaya a tsarin Linux irin su Debian ko Ubuntu, APT, mai kula da girka manhajoji da cire su, kan jawo mata 'yan rakiya, wato ƙananan ƙunshin manhaja da ba za ta yi aiki ba sai da su. Ranar da ka cire ta da apt remove, ita ce kawai ke tafiya, 'yan rakiyar su yi zamansu suna cin wuri. Masu amfani da Arch, wani tsarin Linux ɗin, marayu suke ce musu.

To ta yaya APT ke gane maraya?

Nan ne gizo ke saƙa. APT bai san abin da kake buɗewa kullum ba. Abin da ya sani shi ne wanda ya nemi a girka ƙunshin. Wanda ka rubuta sunansa da hannunka, naka ne, ba zai taɓa shi ba. Wanda ya shigo a rakiya kuwa, ana yi masa alama a fayil ɗin /var/lib/apt/extended_states. Da zarar babu sauran ƙunshin da ya dogara da shi, apt autoremove zai sa shi cikin jerin kwashewa. In ka ƙara --purge, har fayilolin saitinsa za su bi shi.

Zai iya cire abin da nake so?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ya fi damuna. A ce wani ɗan kayan aiki ya shigo a rakiya, ka gano shi, ka saba da shi har wata shida. Ko ka rubuta manhajarka da ta jingina da wani laburare (tarin lambobin da manhajoji ke aro su yi aiki), APT bai da labari. A wurinsa duka marayu ne. Saboda haka in ya tambaye ka ko ya cire su, kada ka yi gaggawar amsa masa. Fara da apt-get -s autoremove, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da ya cire komai ba, ka bi jerin layi-layi. Ka ga sunan da ka sani? Rubuta apt-mark manual da sunan, shi ke nan ya zama naka. Idan kuma ƙunshi uku kake tsammani sai ga ɗari biyu har da na fuskar kwamfutar, dakata, akwai wani babban ƙunshi da ya riƙe su wanda aka cire.

Sauran tsarin fa?

DNF, takwaran APT a Fedora, kan kwashe 'yan rakiya tun lokacin cire manhajar. A Arch, pacman -Qdtq ne ke lissafo marayu. Homebrew, mai girka manhajoji a macOS da Linux, na da brew autoremove. Shi kuwa pip, mai girka ƙunshin yaren shirye-shirye na Python, ba ya yin wannan aikin.

Yaushe ya kamata in yi?

Bayan cire babbar manhaja, da kuma lokacin da tsofaffin kanel (zuciyar tsarin Linux) suka cika ma'ajiyarsu ta /boot har sabuntawa ta tsaya. APT ba ya cire kanel ɗin da kwamfutar ke gudana a kansa.